Sankarar Bayan Hanci a Ƙasar Gadarif: Tsakanin Sinadaran Muhalli da Hanyar Magani

Umm Rakuba tana cikin jihar Gadarif ta gabashin Sudan, kusa da garin Doka, a kan hanyar da ta nufi Galabat da iyakar Habasha. A shekarun 1980 aka tsugunar da 'yan gudun hijirar Habasha a wurin, aka rufe sansanin a wajen shekarar 2000, sannan aka sake buɗe shi a watan Nuwamba na 2020, lokacin da yaƙin Tigirai ya koro dubban mutane suka ƙetaro iyaka. Ƙasar da ke kewaye da sansanin sananniya ce ga Hausawa. Tun kafin zuwan Turawa alhazanmu masu tafiyar ƙasa ke ratsa ta, wasu suka yada zango ba su ƙara gaba ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903 kuma jama'a mai yawa ta bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, zuwa gaɓar Shuɗin Nilu, daga nan zuri'ar masu hijira ta yi ta bazuwa, har ga shi yau akwai ƙauyukan Hausawa a Gadarif masu noman dawa da riɗi. Mun ɗauki wannan yanki ne don mu nazarci wata cuta da fannoni biyu na ilimi suka haɗu a kanta, wato sankarar bayan hanci. Masu kimiyyar sinadarai suna bincikar abin da ke shiga jikin yaro tun yana goye, likitoci kuma suna fama da abin da ke bayyana a wuyansa bayan shekaru masu yawa. Abin da muke son nunawa shi ne, dukkan ayyukan biyu suna bukatar mutum ya zauna wuri guda a san tarihinsa, wannan kuwa shi ne abin da ɗan gudun hijira da ɗan ci-rani suka fi rasawa.

Ma'anar Kalmomi

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan gutsattsari masu rai da ido ba ya gani, waɗanda muke kira ƙwayoyin halitta. A cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon zaren sinadari mai suna DNA, wanda ke ɗauke da umarnin yadda za ta girma, da lokacin da za ta rabu biyu, da lokacin da za ta mutu. Sankara, wadda ake kuma kira ciwon daji ko kansa, ita ce yanayin da wannan umarni ya lalace a wasu ƙwayoyi, su riƙa rarrabuwa babu tsayawa, su kutsa cikin naman da ke kusa, su bi jini ko magudanan ruwan jiki zuwa wasu sassa. Da muka ce bayan hanci, muna nufin ɗan ƙoƙon da ke can ƙarshen kafofin hanci, sama da beli, ƙarƙashin gindin ƙoƙon kai. Duk iskar da aka shaƙa ta hanci sai ta ratsa shi. A gefensa na dama da hagu akwai bakin wata 'yar siririyar hanya da ke zuwa kunne, kuma a lungun da ke bayan wannan baki ne, wanda likitoci ke kira ramin Rosenmüller, cutar ta fi farawa. Kaluluwa kuwa ƙananan ƙulle-ƙulle ne masu tace ruwan jiki, suna nan jere a wuya da hammata da matsematsi.

Kimiyyar sinadaran muhalli ita ce ilimin da ke bin sawun sinadarai a iska da ruwa da ƙasa da abinci: inda suka fito, yadda suke rikiɗa, da adadin da ke isa jikin mutum. Wajen tantance wanne ne ke haddasa sankara, duniya ta dogara da Hukumar Binciken Sankara ta Duniya, wadda aka kafa a 1965 a birnin Liyon na Faransa a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Tana jera abubuwa rukuni-rukuni. Rukuni na 1 shi ne wanda hujja ta tabbata cewa yana haddasa sankara a jikin mutum, rukuni na 2A wanda zato ya rinjaya a kansa, na 2B kuma wanda mai yiwuwa ne kawai. Wajibi ne mai karatu ya riƙe cewa rukunin yana auna ƙarfin hujja ne, girman haɗari kuwa ya danganta da yawan abin da ya shiga jiki da tsawon lokacin da aka ɗauka yana shiga.

Ire-iren Cutar da Yaɗuwarta

Idan aka duba yankin naman a madubin ƙara girma, ana samun manyan iri biyu. Na farko ƙwayoyinsa suna yin wani tauri irin na fatar waje. Wannan iri ya fi alaƙa da shan taba, kuma shi aka fi gani a ƙasashen da cutar ba ta da yawa. Na biyu ƙwayoyinsa ba sa yin wannan tauri, sau da yawa ma ba su da wata siffa tsayayya. Shi ne ya mamaye wuraren da cutar ta yi katutu, kuma kusan kullum akan same shi tare da wani bairos da za mu yi bayaninsa. Akwai iri na uku da ba kasafai ake ganinsa ba.

A yawancin duniya, ƙasa da mutum 1 cikin 100,000 ne ke kamuwa a shekara. A lardunan Guwandon da Guwanshi na kudancin Sin da kuma Hon Kon, adadin ya taɓa kaiwa 20 zuwa 30 cikin maza 100,000. Tsakanin waɗannan biyu akwai kudu maso gabashin Asiya, da mutanen Inuwit na ƙasashen ƙanƙara, da Tunisiya da Aljeriya da Maroko, da sassan gabashin Afirka. Ƙididdigar duniya ta 2020 ta nuna sababbin masu cutar kimanin 133,000, waɗanda ta kashe kuma kimanin 80,000. Maza sun ninka mata sau biyu zuwa uku. A Sudan, binciken da Hidayatalla da abokan aikinsa suka buga a 1983 ya nuna cewa cutar ta haura kashi 5 cikin 100 na dukkan sankarar da aka rubuta, kuma tana kama yara da matasa fiye da yadda aka saba gani a Sin. Wannan siffa ta bayyana sau biyu, a ƙuruciya sannan a tsakiyar shekaru, ita ce kuma ake gani a arewacin Afirka. Ga mai nazarin sinadarai wannan babbar ishara ce, domin cutar da ta bayyana a ɗan shekara 15 ba za a nemi tushenta a sana'ar da bai ma fara ba. A ɗakin uwarsa za a nema, da abin da aka yaye shi da shi.

Sabubba Uku

Masana sun daidaita a kan cewa abubuwa uku ne ke haɗuwa, kamar duwatsun murhu da tukunya ba ta zama sai sun cika. Na farko shi ne bairos, wato ƙwayar cuta mafi ƙanƙanta wadda ba ta iya hayayyafa sai a cikin ƙwayar halittar wani. Wanda ya shafe mu shi ne bairos ɗin Epstein-Barr, wanda Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano a 1964 a cikin naman wata sankarar yara da likita Denis Burkitt ya aiko daga Yuganda. A 1970 Harald zur Hausen da abokan aikinsa suka nuna DNA ɗin wannan bairos a cikin naman sankarar bayan hanci. Ta yawu yake yaɗuwa, fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da shi, a Afirka kuma yara kan kamu tun suna ƙanana, ya zauna a jiki shiru har mutuwa. Tunda kusan kowa na da shi amma kaɗan ne ke yin cutar, shi kaɗai bai isa bayani ba. Na biyu shi ne gado: wasu nau'o'in ƙwayoyin gadon da ke sarrafa garkuwar jiki suna sa ta kasa gane ƙwayar da bairos ya shiga, shi ya sa wanda ɗan'uwansa na jini ya yi cutar haɗarinsa ya fi na sauran jama'a. Na uku shi ne muhalli. A cikin ukun nan, muhalli ne kaɗai ke hannun mutane a yau, domin har yanzu babu allurar rigakafin wannan bairos da aka amince da ita, gado kuwa ba a zaɓensa.

Sinadaran da ke Cikin Abinci

Hujja mafi ƙarfi daga kifi ta fito. A farkon shekarun 1970 likita John Ho na Hon Kon ya lura cewa cutar ta fi yawa a tsakanin masunta mazauna cikin jiragen ruwa, waɗanda ke yaye 'ya'yansu da fate-faten shinkafa da kifin gishiri. Irin wannan kifi akan bar shi ya fara ruɓewa kafin ya bushe. A 1986 Mimi Yu da abokan aikinta suka nuna cewa cin sa a ƙuruciya ya fi haɗari a kan cin sa bayan an girma, a 1993 kuma hukumar Liyon ta sa shi a rukuni na 1. Bayanin sinadarinsa shi ne kamar haka. Idan naman kifi ya fara ruɓewa yakan saki wasu sinadarai da ake kira amin. Ɗanyen gishiri kuma yakan zo da naitiret, wani gishirin da ke ɗauke da naitirojin, wanda ƙwayoyin bakteriya ke mayarwa naitirait. Idan amin da naitirait suka haɗu, musamman a wuri mai tsami kamar cikin mutum, sai su haifi naitirosamin. Tun 1956 Peter Magee da John Barnes suka nuna cewa ɗaya daga cikin wannan dangi yana sa sankarar hanta a ɓeraye. Jiki da kansa ne ke mayar da shi guba mai aiki, wadda ke manne wa DNA ta ɓata umarninsa, kuma fatar cikin hanci tana daga cikin wuraren da ke iya wannan juyi.

A arewacin Afirka ba kifi ne abin zargi ba. Binciken da aka yi a Tunisiya da Aljeriya da Maroko, wanda aka buga a 2007, ya danganta cutar da cin tsohon man shanu da ya yi ɗoyi, da tsohon kitsen tumaki, da busasshen naman gishiri da suke kira ƙadid. Tsohon mai yana ɗauke da wani tsami mai suna butirik, wanda a ɗakin gwaji aka ga yana tayar da bairos ɗin Epstein-Barr daga kwanciyarsa. Ke nan abinci na iya aiki ta hanya biyu, ko ya ɓata DNA kai tsaye, ko ya zuga bairos.

A nan ne ya kamata mu yi taka-tsantsan. Sudan ƙasa ce mai arzikin abincin da ake tsimawa, har Hamid Dirar ya rubuta littafi guda a kansu a 1993. Akwai fasikh, kifin gishiri. Akwai tirkin, kifin da ake tsimawa har ya narke. Akwai kajaik, busasshen kifi. Akwai sharmut, busasshen nama da ake dakawa a miya. Akwai kawal, wanda ake yi da ganyen tafasa. Mu ma muna da banda da kilishi da daddawa da man shanu. Kama a ido ba hujja ba ce a wannan fanni. Yawan naitirosamin ya danganta da irin gishirin, da zafin rana, da kwanakin da aka ɗauka, da ko an fasa cikin kifin kafin a shanya, da yadda aka dafa shi. Wanda ya hana talaka kajaik ba tare da ya auna shi ba ya raba shi da ɗan naman da yake samu a kan zato, kuma a sansanin da yara ke fama da tamowa wannan cutarwa ce ta nan take. Aikin da ke gaban mai bincike shi ne ya ɗebo samfur daga kasuwannin Doka da Gadarif a lokacin rani da na damina, ya auna da na'urar da ke rarrabe sinadarai bisa nauyinsu, ya kuma tambayi iyaye mata wanne ne ke shiga bakin yaro kafin ya shekara biyu. An kuma san tun 1972, daga aikin Sidney Mirvish, cewa bitamin C yana hana amin da naitirait haɗuwa, kuma bincike da dama sun nuna cewa masu cin ɗanyen ganye da 'ya'yan itatuwa sun fi tsira. Rabon abincin agaji kuwa hatsi ne da wake da mai da gishiri. Lemon tsami da tumatir da kuka sai wanda ke da kuɗin saye.

Hayaƙi

Hayaƙin itace cakuɗe ne na ɗaruruwan sinadarai, amma uku ne suka shafe mu. Na farko fomaldihaid, wata iska mai yaji da ke narkewa a ruwa nan da nan, don haka mafi yawanta a laimar hanci take tsayawa ba ta isa huhu. A 2004 aka sa ta a rukuni na 1 bisa hujjar sankarar bayan hanci, galibi daga bin diddigin ma'aikata fiye da 25,000 a masana'antu 10 na Amurka. An yi muhawara a kan wannan hukunci, domin mafi yawan waɗanda suka mutu daga masana'anta guda suka fito, amma hukumar ta sake tabbatar da shi a 2009. Na biyu shi ne dangin sinadaran da ke cikin kunkunniya, wanda fitacce a cikinsu shi ne benzofairin, shi ma ɗan rukuni na 1. Na uku ƙananan ɓurɓushi ne da ke ɗauko sauran su manna su a fatar hanci. Ƙurar katako da kafintoci da masu yankan itace ke shaƙa ita ma an tabbatar da alaƙarta da wannan cuta, hayaƙin itacen girki a cikin ɗaki kuma yana rukuni na 2A tun 2006.

Tun shekarun 1960 likita Peter Clifford ya lura a Kenya cewa cutar ta fi yawa a tsakanin mazauna tsaunuka masu sanyi, waɗanda ke kwana da wuta a bukkoki marasa taga. A Umm Rakuba da ƙauyukan da ke kewaye, itace da gawayi su ne makamashi. Matar Tigirai tana gasa injera, tana soya gahawa a kan garwashi tare da turare. Maƙwabciyarta 'yar ƙasa tana yin kisra. Bahaushiya tana tuƙa tuwon dawa, dukkansu da goyo ko yaro a gefe. Idan damina ta sauka, daga Yuni zuwa Oktoba, girki kan koma cikin tanti ko bukka. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na fomaldihaid a cikin ɗaki shi ne miligiram 0.1 a kowace mita kubik ta iska cikin rabin sa'a, kuma ana iya auna shi da ɗan bajo da ake maƙala wa mutum a riga. Sai dai akwai wata tambaya mai nauyi da ba za mu kauce mata ba: mata ne ke zaune a bakin murhu, amma maza ne suka fi yin cutar. Wannan ya nuna cewa hayaƙin girki na lokacin girma ba zai zama babban dalili shi kaɗai ba. Ko dai shaƙar ƙuruciya ce ta fi tasiri, lokacin da ɗa namiji da 'ya mace ke bayan uwa ɗaya, sannan taba da sana'a su ƙara wa namiji kaya, ko kuma jikin mace yana da wata kariya ta halitta. Binciken da ya auna hayaƙin da baligi ke shaƙa yau kawai zai iya rasa amsar gaba ɗaya.

Ruwa, Taba da Magungunan Gona

Ƙasar Gadarif baƙar laka ce mai tsagewa da rani, kuma ƙauyuka da yawa sun dogara da hafir, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, inda mutane da dabbobi ke sha. Naitiret yana shiga ruwa daga masai da kashin dabbobi da takin zamani. Idan aka sha shi, wani kaso yakan dawo cikin yawu, bakteriyar baki su mayar da shi naitirait, ya sauka ciki ya tarar da amin ɗin abinci. Iyakar da aka sa wa ruwan sha ita ce miligiram 50 na naitiret a lita. Ɓarkewar ciwon hanta nau'in E a Umm Rakuba a 2021 ta nuna cewa najasa tana samun hanyar zuwa bakin mutane a wurin, kuma awon naitiret da 'yar takardar gwaji bai fi ƙarfin duk wanda ke auna kilorin a tankin ruwa ba. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya cire naitiret.

Taba sigari sananniyar mai haddasa wannan cuta ce. Sudan kuma tana da tumbak, garin taba da ake cuɗawa da kanwa a cusa a leɓe. Binciken Ali Idris da abokan aikinsa a shekarun 1990 ya sami naitirosamin na taba a cikinta da yawan da ya zarce na tabar baki ta Turai da Amurka ninkin-ba-ninkin. Hujjar da ke kanta ta sankarar baki ce, kuma wannan ya isa a yi gargaɗi. Game da magungunan ƙwari da na ciyawa, tun shekarun 1940 aka fara noman inji a Gadarif, gonakin auduga na Jazira kuma sun sha feshin DDT shekaru da yawa. A 2015 aka sa DDT a rukuni na 2A, maganin ciyawa 2,4-D a na 2B, amma ba bisa wannan cuta ba. Ba su cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar bayan hanci.

Ganowa da Magani

Saboda wurin a ɓoye yake, cutar ba ta nuna kanta inda ta fara. Mafi yawan marasa lafiya da kumburin kaluluwar wuya suke zuwa, mai tauri, marar zafi, a can sama ƙarƙashin kunne. Sauran alamu su ne toshewar kunne ɗaya, da haɓo ko majina mai jini, da toshewar hanci, da ciwon kai mai naci, daga baya kuma ganin abu biyu-biyu idan ta taɓa jijiyar ido. A Gadarif wannan alama ta farko tana da masu kama da ita. Tarin fuka yana kumbura kaluluwa, haka ma kala'azar, cutar da wani ɗan ƙaramin ƙuda ke yaɗawa a dazuzzukan dushe da aduwa, wadda jihar ta yi suna da ita. Ma'aikacin lafiyar da ya saba da waɗannan biyu yana da uzuri idan tunaninsa ya fara zuwa kansu, amma wata shida na maganin tarin fuka ya isa ya kai sankara daga matakin da ake warkewa zuwa wanda ba a warkewa. Ƙa'idar da ta dace ita ce, baligin da kaluluwar wuyansa ta wuce mako uku ba ta sauka ba, musamman idan kunne ɗaya ya toshe, a leƙa bayan hancinsa da siririn madubi, a ɗebi nama a gwada.

Wuƙa ba ta isa wurin cikin sauƙi, don haka ginshiƙin magani shi ne gashi, wato harba haske mai ƙarfi wanda ke karya DNA ɗin ƙwayoyin sankara. Wani alheri shi ne, irin da ke tare da bairos yana jin gashi sosai. Ana auna hasken da ma'aunin girei, cikakken magani kuma kimanin girei 70 ne, a rarrabe sau 33 zuwa 35, kwana biyar a mako, na tsawon mako bakwai. Tsohuwar na'ura tana aiki da ƙarfen kobal-60, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk shekara biyar da 'yan watanni. Sabuwa kuma da lantarki take samar da hasken, tana iya lanƙwasa shi ya kauce wa jijiyar laka da maɓuɓɓugan yawu, amma tana son wuta tsayayya da injiniya a kusa. Na biyu shi ne kemo, wato maganin sinadari da ake ɗurawa ta jijiya. Jigonsa sisfilatin, wani haɗin ƙarfen filatinam da Barnett Rosenberg ya gano tasirinsa a 1965. A 1998 Muhyi Al-Sarraf da abokan aikinsa suka nuna cewa haɗa shi da gashi ya ɗaga adadin masu rai bayan shekara uku daga kashi 47 zuwa kashi 78 cikin 100. A 2019 likitocin Jami'ar Sun Yat-sen suka nuna amfanin fara ba da jemsitabin da sisfilatin kafin gashi, a 2023 kuma Amurka ta amince da toripalimab, maganin da ke farkar da garkuwar jiki, ga waɗanda cutar ta dawo musu ko ta bazu. Wajen ganowa da wuri, gwajin DNA ɗin bairos a jini da aka yi wa maza 20,174 a Hon Kon, wanda aka buga a 2017, ya gano mutum 34, kusan kashi 70 cikin 100 a matakin farko ko na biyu. A waɗannan matakai, fiye da 9 cikin 10 kan rayu shekara biyar idan sun sami gashi mai kyau.

Nisa da Yaƙi

Duk waɗannan alƙaluma sun ginu ne a kan sharaɗin cewa ba za a katse mako bakwai ɗin nan ba, domin duk ranar da aka tsallake ƙwayoyin da suka rage suna sake hayayyafa. Daga mako na uku baki da maƙogwaro kan yi gyambo, haɗiya ta gagara, sisfilatin kuma yana taɓa ƙoda da ji, sai da ruwa mai yawa da gwajin jini a kai a kai. Mai jinya yana bukatar masauki, da mai dama masa kunu, da kuɗin mota kullum. Cibiyar gashi ta Hartum ta fara aiki a 1967, ta Jami'ar Jazira da ke Wad Madani kuma a 1999. Daga birnin Gadarif zuwa Wad Madani ya haura kilomita 200, zuwa Hartum kimanin 400. Ɗan gudun hijira sai ya sami takardar izini kafin ya bar sansani, lebura ɗan ci-rani kuma idan jinya ta faɗo a kakar yankan riɗi ya rasa abincin shekara. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tsayar da cibiyar Hartum, Wad Madani ta faɗi a Disamba na wannan shekara, marasa lafiya suka koma dogaro da Marawi, can arewa mai nisa, alhali Gadarif kanta ta cika da waɗanda suka gudo daga Jazira da Sinnar. Mutumin Maraɗi da sai ya je Yamai, inda aka buɗe cibiyar gashi ta farko a Nijar a 2021, ko mutumin Katsina da ya taɓa jiran layi a Zariya ko Sakkwato, ya san wannan hali. Yaƙi ya kuma mayar da maganin kansa batun muhalli: ƙarfen kobal da aka bari babu mai tsaro haɗari ne ga duk wanda ya fasa shi, kamar yadda ya faru da wata na'urar gashi mai siziyam a Goyaniya ta Birazil a 1987.

Daga nan za a fahimci abin da ya sa alƙaluman asibiti ke bukatar karatu da lura. Rajistar Hartum tana ƙidaya wanda ya iso Hartum ne, kuma adireshin da ke takardarsa sau da yawa na ɗan'uwan da ya sauke shi ne. Yaron da aka haifa a garin Humera na Habasha, aka yaye shi a Umm Rakuba, idan cutar ta same shi yana ɗan shekara 20 mai yiwuwa a wata ƙasa za a rubuta shi, babu abin da zai haɗa takardarsa da tantin da ya shaƙi hayaƙi a ciki. Amma yankin yana da wata dama da ba kowane wuri ke da ita ba. 'Yan Tigirai da Hausawa da Larabawa da Masalit suna zaune a kan laka ɗaya, suna ƙona itace iri ɗaya, ga shi asalinsu da abincin yayensu sun bambanta, wannan kuwa shi ne yanayin da ke ba mai bincike damar raba tasirin gado da na abinci da na hayaƙi. Tunda cutar ba ta da yawa, sansani ɗaya ba zai ba da adadin da za a yanke hukunci da shi ba, sai an haɗa asibitocin jihar duka na shekaru masu yawa, a kwatanta kowane marar lafiya da lafiyayyen tsaransa daga garinsu. Sharaɗin haka shi ne takardar karɓar marar lafiya a Gadarif ta ƙunshi tambayoyin da likita shi kaɗai ba ya yi: garin da mutum ya yi shekarunsa biyar na farko, abin da aka yaye shi da shi, ko a ɗakin kwana ake girki kuma da wane makamashi, daga ina ake ɗebo ruwa, ko yana shan sigari ko sa tumbak, da ko wani ɗan'uwansa na jini ya taɓa yin irin wannan kumburi a wuya. A yi tambayoyin da Larabci da Tigirinya da Hausa, kuma idan uwar marar lafiya tana raye a nemi amsar yaye daga bakinta.